Bubandey Batama: Su Wa Muke Wucewa a Bakin Hanya?



Ɗan'uwa mai karatu, ƴar'uwa mai karatu, ina so in tsai da kai a bakin hanya na ɗan lokaci. In a Yamai kake zaune, da wuya a ce ba ka taɓa wuce wurin ba, ko cikin taksi, ko bisa babur, ko a ƙasa kana sauri rana na dukanka. Gini ne da aka yi don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Yana tsakiyar gari, ba nisa da babban titin da muka tashi muna ji ana kira da sunan Janar de Gaulle. Ranar Talata 15 ga Oktoba 2024 hukumomi suka yi bikin sauya sunaye. Titin ya koma na Djibo Bakary. Hoton Bafaranshen nan Monteil, wanda ya ratsa Say da Sakkwato da Kano a 1891, aka maye gurbinsa da na Thomas Sankara. Shi kuma wanga gini aka raɗa masa suna da Zabarmanci, Bubandey Batama, ma'ana dai wurin na mamatanmu ne, aka ce daga ranar ya zama na tunawa da duk wanda ya rasa ransa, soja ko farar hula, tun daga zuwan mulkin mallaka har zuwa yau.

A fadarmu, daren ranar, ba a kai ga shayi na biyu ba gardama ta kaure. Wani ya ce ai da ma rushe shi aka yi a huta, karnukan farautar Nasara aka gina wa. Wani ya ce a'a, jarumai ne, su suka ƙwato Faransa daga hannun Hitila aka ci amanarsu. Sai na tambaya, ni ma ina cikin masu laifin: wa zai iya faɗin sunan mutum ɗaya daga cikinsu, da garinsu, da inda aka binne shi? Shiru kake ji. Mu goma sha wani abu, kusan duk mun yi lakwal, wasu har jami'a, biyu daga cikinmu kuma jikokin tsofaffin soja ne. Wannan shirun ne ya sa da aka ba ni shafi a littafin bikin ƙungiyarmu na ce a kan mutanen nan zan rubuta.

Bari mu faro daga garin kansa, don tarihin Yamai ba ya rabuwa da tarihin bariki. Kafin zuwan Faransawa, ƴan ƙauyuka ne a gaɓar kogin Isa, na Mawri da Zabarmawa da Fulani da masunta. Sunayen tsofaffin unguwanni irin su Mawrey, Kalley da Gaweye daga nan suka samo asali. Garin da ya yi suna a yankin a lokacin shi ne Say, garin Alfa Mahamman Jobbo, inda almajirai ke zuwa neman karatu. A farkon shekarun 1900 Faransawa suka kafa bariki a Yamai ƙarƙashin wani kaftin mai suna Salaman, har Hausawa suka daɗe suna ce wa wurin garin Kaftin Salma. An mai da hedikwata Damagaram a 1911, sannan a 1926, zamanin Gwamna Brévié, aka dawo da ita Yamai, ta zauna ke nan.

To, su wa ke cika irin wannan gari? Soja, gardi, tafinta, kuku, magini. A bayansu mahauta da ƴan koli da fatake da ke sauka a Zango, a bayan waɗannan kuma malamai da allunansu. Sojan da ya gama aikinsa sau da yawa ba ya komawa ƙauye. Ya iya ɗan Faransancin bariki, ya saba da albashi, ya fi son zama kusa da ofishin kumandan inda za a ɗauke shi gardi ko mai gadi ko direba. Ya samu fili ya kafa bukka, bukka ta zama ɗakin ƙasa, ya ɗauko mata daga gida, ƙanensa ya zo ci-rani ya ƙi komawa. Haka gidaje da yawa suka kafu. Garin da a 1960 mutanensa ba su wuce wajen 30,000 ba, ƙidayar 2012 ta same shi ya haura miliyan ɗaya. In gidanku tsoho ne a Yamai, tambayi wanda ya fara kafa shi. Kada ka yi mamaki in aka nuna maka hoton mutum da jar dara da lambobi a ƙirji.

Wannan jar darar ita ce alamar rundunar da Faransawa ke kira tiraye na Senegal. An kafa ta a 1857, zamanin Gwamna Faidherbe, kuma sunan Senegal ya bi ta ne kawai don a can aka fara. Bambara, Mosi, Fulani, Zabarmawa, Hausawa, duk wanda ya sa kakin ya zama ɗan Senegal a bakin Bature. Cikin na farko-farko da yawa bayi ne da aka fansa daga hannun iyayengijinsu aka ɗaure su da aikin soja na shekaru. Da su Faransa ta ci Afirka ta Yamma. Turawan ƴan kaɗan ne, masu ba da umarni. Hannun da ke riƙe da bindiga baƙi ne irin nawa da naka.

Nan ne maganar ta fara ɗaci, kuma ba zan tsallake ta ba. A farkon 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan za ta tafkin Cadi. Kowane ɗan lakwal ya san labarin: kisan da aka yi a Sansane Hausa, yaƙin Lugu da Sarauniya Mangu a watan Afrilu, ƙone Birnin Konni a watan Mayu, rijiyoyin da aka cika da gawa, mata da yara da aka kora kamar dabbobi. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne Turawan da ke cikin rundunar ƴan tsiraru ne ƙwarai. Sauran duka, masu harbi da masu ɗaukar kaya, ƴan Afirka ne. Amma ka ji ƙarshen labarin. Da labarin ta'asar ya kai Pari, aka turo Kanar Klobb ya karɓe rundunar, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojin nan dai, tirayen da suka ƙone Konni, suka juya bindigoginsu suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet. Kaburburan biyun suna Mai Jirgi, kusa da Tasawa, har yau. Ka ga mutane guda, cikin shekara guda, su suka zama takobin azzalumi, su kuma suka sare shi. Bayan nan ba su watse sun koma gida ba, wasu hafsoshin suka ja su suka ci Damagaram. Yanzu faɗa mini, a wane layi za ka sa su, na karnukan farauta ko na jarumai?

Shekara shida bayan haka wuta ta tashi nan kusa da mu. A ƙarshen 1905 wani makahon malami, Alfa Saibu, ya tara jama'a a Kobkitanda, kudu da Doso, suka ƙi biyan haraji, suka ƙi bin Nasara. A farkon 1906 mutanen Karma, ƙarƙashin Umaru Karma, su ma suka tayar, kuma Karma ba ta da nisa da Yamai, yau tafiyar ƙasa da awa ce a mota. Tiraye aka tura, tare da dawakin sarakunan da ke goyon bayan Faransa. Alfa Saibu ya tsallaka Satiru kusa da Sakkwato, inda ake kiransa Ɗan Makaho. A can a watan Fabrairu mutanen garin suka karya wata rundunar Ingilishi, a watan Maris aka dawo aka shafe garin daga doron ƙasa. Can ma sojojin da suka yi aikin baƙaƙe ne, da yawansu da Hausa suke magana.

Kafin ka yanke musu hukunci, tsaya ka ji yadda ake zama soja a zamanin. Tun 1912 Faransa ta sa dokar ɗiban soja da tilas, da yaƙi ya ɓarke a 1914 abin ya tsananta. Gwamna ya yanka wa kumandan adadi, kumandan ya yanka wa sarki, sarki ya yanka wa mai gari. Mai gari kuwa ɗan wa zai bayar? Maraya, ɗan talaka, ɗan bawa, baƙon da ba shi da mai tsaya masa, wani lokaci ɗan wanda suke da jiƙaƙƙa da shi. Akwai sarakunan da suka ba da ɗiyansu don neman fada, akwai samarin da suka kai kansu don gudun yunwa ko don sha'awar kaki, amma mafi yawa kamo su aka yi. Samari sun yi ta kwana a daji, wasu gidaje suka kwashe suka tsallaka ƙasar Ingilishi. A 1918 aka turo Blaise Diagne, baƙin mutum na farko daga Afirka da ya zauna a majalisar Faransa, ya zagaya da alkawarin lambobi da sauƙin haraji da matsayin ɗan ƙasa, ya tara mutum wajen 63,000 a Afirka ta Yamma cikin ƴan watanni. Da yaƙi ya ƙare ba a daina ba. Dokar 1919 ta mai da abin na kowace shekara: a tara samari, likita ya duba, a ja ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya yi shekara uku. Cikin waɗanda ƙuri'a ta tsallake kuma ana ɗibar wasu a kai su aikin hanya da gini da fartanya maimakon bindiga.

Ka kwatanta a ranka. Yaro ɗan shekara ashirin daga Arewa ko Zabarmaganda ko Gobir, bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogi ba, an kora shi a ƙasa sati da sati zuwa bakin teku, an zuba shi cikin jirgin ruwa, an sauke shi a Marseille, an ba shi takalmin da bai taɓa sawa ba, ana yi masa tsawa da harshen da bai sani ba. A yaƙin 1914 zuwa 1918 mutum wajen 200,000 aka ɗiba daga ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma, wajen 135,000 aka kai Turai, kusan 30,000 ba su dawo ba. Ba harsashi kaɗai ya ci su ba. Sanyi da ciwon huhu sun kashe da yawa, shi ya sa in hunturu ya shigo ake janye su zuwa sansanonin Fréjus a kudancin Faransa.

Akwai wata shekara da nake so ka riƙe, 1917. Ranar 16 ga Afrilu aka tura tiraye gaba a wani tudu da ake kira Chemin des Dames, cikin ruwa da ƙanƙara, yatsunsu sun sandare har wasu ba su iya ɗana bindiga. Dubbai suka faɗi cikin ƴan kwanaki. Sati shida kafin wannan rana, a farkon Maris, wasu tirayen sun shiga Agadas sun karya ƙawanyar da Kawsan da Sarkin Abzin Tagama suka yi wa barikin Faransa tun watan Disamba. Abin da ya biyo baya kisa ne a bainar jama'a, a Agadas da Ingal, kuma malamai na cikin waɗanda aka kashe. Kaki iri ɗaya, jar dara iri ɗaya, tuta ɗaya: wasu na mutuwa cikin taɓo a arewacin Faransa, wasu na kashe malamai a Abzin. Tsohon ginin na bakin hanya na farkon kaɗai yake tunawa. Sabon sunan da aka ba shi ya tara su duka a inuwa guda, mai harbi da wanda aka harba. Ni a ganina hakan ya fi kusa da gaskiya, amma ya fi nauyi, kuma ban tabbata masu tafi a ranar bikin duk sun auna nauyin ba.

A yi wa Faransa adalci a abu ɗaya: ta iya karrama mamaci da dutse. A maƙabartar Douaumont, kusa da Verdun, akwai kaburbura 592 na sojoji Musulmi, allunansu na fuskantar alƙibla. Babban masallacin Pari da aka buɗe a 1926 don tunawa da Musulmin da suka mutu a yaƙin aka gina shi. A Fréjus an yi wa tiraye wani gini jajaye mai kama da masallacin Jenne. Wajen hakkin mai rai ne hannunta ya yi nauyi, za mu zo wurin.

Yaƙi na biyu ya zo da nasa. A watan Yuni 1940, da Jamus ta murƙushe Faransa, sojojin Hitila sun riƙa ware baƙaƙen fursunoni daga farare suna harbewa. A Chasselay, kusa da Lyon, haka aka yi, kuma maƙabartarsu na nan an kewaye ta da jan gini irin na Sudan. Waɗanda suka tsira aka tsare su a sansanoni cikin Faransa, don Jamusawa ba su son baƙar fata a ƙasarsu. Mu nan Nijar muna hannun gwamnatin Vichy har ƙarshen 1942, alhali Cadi ta bi de Gaulle tun Agusta 1940. Iyakar kudu ta zama iyakar abokan gaba. Bamaraɗe na sa kakin Faransa, ɗan'uwansa Bakatsine na sa na Ingila ana kai shi Boma ya yaƙi Japan, wataƙila kakarsu ɗaya. Ranar 15 ga Agusta 1944 sojojin Afirka na cikin waɗanda suka sauka a gaɓar Provence suka ƙwato Toulon da Marseille. Kafin a shiga Jamus aka cire baƙaƙen daga fagen daga, aka karɓe kayansu aka ba samarin Faransa, aka ce sanyi ne dalili.

Sai Thiaroye. Ranar 1 ga Disamba 1944, a wani sansani kusa da Dakar, tsofaffin fursunonin yaƙi da aka dawo da su suka ce ba za su tafi gida ba sai an biya su kuɗinsu na shekarun da suka yi a tsare. Da asuba aka buɗe musu wuta. Rahoton soja na lokacin ya ce mutum 35, masana tarihi da dama na cewa ɗaruruwa ne. Sai a Nuwamba 2024, shekara 80 bayan abin, shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan gilla ne.

Waɗanda suka dawo gida sun dawo da ido buɗe. Sun ga Bature na gudu, sun ga Bature na kuka, sun ga Bature na bara. Ba banza ba ne a 1946 aka soke aikin tilas da dokar da ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ba shari'a, kuma a shekarar aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai. Amma ɗiban soja bai tsaya ba. An kai tiraye Madagaska a 1947 su murƙushe masu neman ƴanci, an kai su Indocin, an kai su Aljeriya daga 1954, inda Musulmi ya tsaya da bindiga a ƙofar Musulmi yana jin kiran salla iri ɗaya da na garinsu.

In kana son ganin fuskar irin wannan soja, ba sai ka yi nisa ba. CCOG da muke zuwa taruka, sunan wa take ɗauke da shi? Oumarou Ganda, haifaffen Yamai a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi Indocin. Da ya dawo bai samu aiki ba, ya gangara Abijan yana dako a tashar jirgin ruwa, a can Jean Rouch ya same shi ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir. Daga baya ya dawo gida ya zama mai shirya fim da kansa. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, wanda aka nuna a Cannes a 1969, labarin sojan da ya dawo daga Indocin ne: abokai da ƴan maula suka kewaye shi har kuɗin sallamarsa suka ƙare, sannan kowa ya watse, ya nemi aiki ya rasa, ga girman kan tsohon soja ya hana shi ƙaramin aiki. Ganda ne ya fito a matsayin sojan, kuma kana kallo ka san ba labarin wani yake bayarwa ba. Shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO a 1972 da Le Wazzou polygame. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Janar Seyni Kountché ma, da babban filin wasa da gada ta uku ke ɗauke da sunansa, a sojan Faransa ya fara, ya yi Indocin da Aljeriya kafin a kafa rundunar Nijar a 1961. Ka ga ashe sunayen tsofaffin sojan Faransa sun fi yawa a garin nan bisa yadda muke zato.

Maganar hakkin mai rai da na ce za mu zo. A ƙarshen Disamba 1959, ana gab da ba mu ƴanci, majalisar Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka. Na Bafaranshe na hawa da tsadar rayuwa, na abokin ramin yaƙinsa na tsaye inda yake, har tazarar ta zama ninki-ba-ninki. Wani tsohon sarjan ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamba 2001, amma shi ya riga ya rasu. Sai daga Janairu 2011 aka daidaita fanshon gaba ɗaya, lokacin da mafi yawan masu hakkin suna ƙarƙashin ƙasa. Tiraye na ƙarshe da ya ga yaƙin 1914, Abdoulaye Ndiaye, ya rasu a ƙauyensu a Senegal ranar 10 ga Nuwamba 1998, saura kwana ɗaya a maƙala masa babbar lambar girma ta Faransa.

To mu, a matsayinmu na matasa Musulmi, ina muka tsaya? Na san akwai ƴan'uwa a ƙungiyar nan da ko kallon irin wannan gini ba su son yi, kuma damuwarsu na da tushe. Malamanmu sun karantar da mu cewa an hana gini a kan kabari da ɗaukaka shi, kuma mamaci ba ya amfana da dutse ko furanni ko busar ƙaho. Addu'a ke isa gare shi, da sadaka, da biya masa bashi. Sai dai wurin nan ba kabari ba ne, ba kowa a ƙarƙashinsa, ba wanda ya ce ka je neman albarka. Alama ce a bakin hanya, amfaninta ɗaya, ta sa mai wucewa ya yi tambaya. Malaman fiƙihu kuma sun yi bayani a kan wanda aka tilasta: tilas na ɗauke laifi a abubuwa da yawa, amma ba ta halatta wa mutum ya kashe marar laifi don ya tsirar da kansa. Saboda haka ba ni da ikon wanke wanda ya harbi malami a Agadas, ko da da igiya aka fito da shi daga gidan ubansa. Ba ni kuma da ikon jefa shi wuta, an hane mu da zagin mamata, kuma ban san da me ya cika ba. Wasunsu sun dawo sun yi shekara arba'in a sahun farko, wasu da kuɗin fansho suka je Makka, wasu a bariki ma suka koyi salla don daga gidan arna aka ɗauko su. Kalmar shahada kuwa ba kayan rabo ba ce da za mu miƙa wa wanda muke so. Sabon sunan ya ce har zuwa yau, ke nan ya haɗa da sojojinmu 71 na Inates a Disamba 2019 da 89 na Cinagodar a Janairu 2020, da manoma da makiyaya da aka kashe a ƙauyukansu ba a ko ƙirga ba. Allah ya jiƙan Musulmin cikinsu, na da da na yanzu, ya gafarta musu.

A unguwar da na tashi akwai wani tsoho da muke tsokana muna yara. Kullum da tsohuwar rigar soja ko ana zafin bazara, in babur ya yi ƙara sai ya zabura ya dafe bango, in ransa ya ɓaci ya yi ta zuba wani Faransanci da ko malamin lakwal ba ya ganewa. Mu ƙame mu sara masa, ya biyo mu da sanda, mu watse muna dariya. Manya su ce ku ƙyale shi, yaƙi ne ya taɓa shi. Wane yaƙi? Wallahi ban taɓa tambaya ba. Shi ke share ƙofar masallaci kafin asuba, wannan na sani. Ranar da ya rasu na bi gawarsa, aka yi salla aka kai shi, aka dawo aka ci gaba da hira. Daga baya na ji an sayar da gidan, akwatin ƙarfensa da takardun ciki ba wanda ya san inda suka shiga. Yau da nake rubuta wannan, na san ranar da aka kashe Klobb a Dankori, amma ban san ko maƙwabcina Indocin ya je ko Aljeriya ba.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba ya bukatar kuɗi. Waɗanda suka yi Aljeriya, in suna raye, sun haura 80. Matansu da ɗiyansu na fari suna nan a gidajenmu. Ka je ka gaida su da goro, ka zauna, ka kunna abin ɗaukar murya na wayarka bayan ka nemi izini. Tambayi sunansa na yanka da wanda aka rubuta masa a bariki, don sau da yawa ba ɗaya ba ne: magatakardan Bature ya kan rubuta abin da kunnensa ya ji, ko ya haɗa sunan mutum da na garinsu. Tambayi shekarar da aka ɗauke shi, wane sarki ke kan gado, kama shi aka yi ko shi ya kai kansa, ta wace hanya ya bi zuwa teku, da wa suka tafi, wa bai dawo ba. Tambayi yadda ya samu filin gidan, su wa ya tarar a unguwar. In an ce an manta shekara, a tuna maka da yunwa ko fari ko gobarar da aka yi kusa da lokacin, a haka tsofaffi ke riƙe kwanan wata.

Abu mafi daraja shi ne ɗan littafin soja, karne, don a ciki lambarsa take, kuma da lamba ake neman mutum a takardun Faransa. Ma'aikatar tsaronsu ta sa katunan waɗanda suka mutu a yaƙin 1914 a intanet ƙarƙashin sunan Mémoire des hommes, kowa na iya dubawa kyauta, sai dai ka gwada rubuta sunan ta hanya uku ko huɗu kafin ka fid da rai. Nan gida kuma akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa, da IRSH, da CELHTO da aikinta ke nan tattara tarihin baka. In tsohuwa ta ɗauko maka karnen daga ƙasan adaka, kada ka fita da shi daga ɗakin, kada ka ba kowa aro, ko ni. Ɗauki hoton kowane shafi da waya, har da bangon baya, ka mayar mata da abinta cikin ƙyallen da ka same shi a naɗe.